Dattijon Aboabo da tashi daga sujada ya fara gagara: abin da aka gwada daga 2022 zuwa 2024

Waye shi, kuma yaya yake kafin abin ya fara

Mutumin da zan yi magana a kansa yayan mahaifina ne, Baba muke ce masa duk gidan. Ba zan faɗi sunansa ba don bai so, amma ya yarda in rubuta, ya ce ko Allah zai sa wani ya amfana. A Aboabo yake zaune nan Kumasi, gidan gado irin na zango, ɗakuna a kewaye tsakar gida ɗaya. Shekararsa 72 a 2023 lokacin da abin ya yi tsanani, nauyinsa kilo 68. Goro ne sana'arsa tun yana saurayi, dama shi ya kawo kakanninmu ƙasar Asante, kuma mutum ne da a zamaninsa shi kaɗai yake cicciɓar buhu ya jefa bayan mota, har yau in ya riƙe hannunka wajen gaisuwa sai ka ji a jikinka. Yana da hawan jini yana shan magani, gwiwar dama tana masa ciwon sanyi lokaci lokaci, ba shi da suga, bai taɓa shanyewar ɓarin jiki ba.

Har farkon 2020 kullum yana fita kasuwa, sau da yawa ma a ƙafa. Da korona ta zo aka kulle Kumasi da Akra ranar 30 ga Maris 2020, sati 3 ba fita, masallatai kuma a rufe har watan Yuni, sai 'ya'yansa suka ce to Baba dama ya isa haka, ka huta mu za mu riƙe rumfar. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki, bencin ƙofar gida, masallacin unguwa da bai fi taku 200 ba. Ko buta zai ɗauka sai yaro ya riga shi, mu duka a lokacin gata muke ganin muna masa.

A watan Agusta 2022 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi asibiti kwana 9. Ya warke sarai amma ya fito cinyoyinsa sun zube, wandonsa har yawo yake a jikinsa. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado kawai, sai da kowa ya rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa a matsakaici. A lokacin dai mu cewa muka yi rama ce ta ciwo, in ya ci abinci zai murmure.

Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023: faɗuwa biyu

Ta farko da asuba ce a Nuwamba 2022, yana hanyar masallaci zai tsallaka gotar da ya shekara 40 yana tsallakawa, bakin takalminsa ya taɓa katakon da aka ɗora a kai sai kawai ya tafi gaba ya kife. Ya kurje gwiwa da tafin hannu. Abin da ya faɗa mana ranar shi ne, na ga faɗuwar tana zuwa, na san in da zan sa ƙafa, amma ƙafar ba ta zo ba. Ba wanda ya riƙe wannan maganar a cikinmu, sai bayan wata 11 aka gane ita ce bayanin ciwon gaba ɗaya.

Ta biyu a Janairu 2023 ce, wajen sauka daga trotro, motar hayar cikin gari, kusa da babbar kasuwar Kejetia, yaron mota yana ta azalzala direba ya ɗan motsa, Baba ya diro ƙafa ɗaya ta kasa tare shi. Targaɗe a wuyan hannun hagu, an yi hoto ba karaya Alhamdulillah. Daga wannan ya daina shiga trotro, in dole ce sai a kira masa pragiya, babur mai ƙafa uku, har ƙofar gida.

Abin da ya fi cinsa a rai kuma sallah ce. Tashi daga sujada zuwa tsayuwa ya koma aiki, sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗago gwiwa ɗaya, ya huta, kafin ya miƙe liman ya kusa gama Fatiha. Mutumin da ya yi shekaru a sahun farko sai ya koma can gefe jikin bango don ya samu abin dafawa.

Fabrairu zuwa Yuni 2023: abin da muka fara gwadawa

Mun kai shi wani asibiti, an auna jini an duba magungunansa, likitan ya ce komai daidai, tsufa ne, ya ba da maganin ciwon gaɓɓai da na ƙarin jini ya ce a riƙa kula da shi. Mma, matarsa, ta haɗa da nata, man zafi, jiƙo, gashi da ruwan ɗumi safe da yamma. Ciwon gwiwar ya ɗan lafa, tashi daga ƙasa yana nan yadda yake.

Sai muka koma tafiya, don kowa cewa yake tsoho ya riƙa tattaki. Daga Maris yana zagaye unguwa minti 20 bayan la'asar, bayan ƙaramar sallah ya kai minti 30 kwana 5 a sati. Numfashinsa ya gyaru, barcinsa ya gyaru, awon hawan jinin ma ya yi kyau, amma tafiyar irin ta jan ƙafa ce a hankali, kuma in ya zauna a benci tashi sai da yunƙuri biyu ko uku.

A cikin azumin shekarar aka saya masa kujerar roba ya fara sallah a zaune. Addini ya yi sauƙi ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, malamin unguwa ma ya kwantar masa da hankali a kan haka. Sai dai ta fuskar jiki, tashi da zaman da yake yi a raka'a 17 na farilla kullum ban da nafila shi ne kusan aikin da ya rage wa cinyoyinsa, shi ma ya tafi.

Yuli 2023: ranar da aka yi awo

Akwai 'yar maƙwabcinmu da ta karanta aikin gashin ƙashi, fisiyo dai, tana aiki a wani asibiti a cikin gari. Ta shigo gaishe shi bayan babbar sallah ta ga yadda ya tashi daga benci, sai ta ce Baba in ka yarda ranar Asabar zan zo in gwada ka. Ta zo da tef na awo da wani ƙarfe da ake matsawa a hannu, agogo kuma na wayarta.

Ƙarfin damƙa a hannun dama ya ba da kilo 31. Ta ce ma'aunin da masana a Turai suka fitar a 2019 na gane zubewar tsoka ga tsofaffi, namiji sai ya yi ƙasa da kilo 27 ake cewa ya raunana, to Baba ya wuce. Sai tashi da zama sau 5 a kujera hannu a ƙirji ba dafawa, ya yi a sakan 17.5, ma'aunin kuma ya ce duk wanda ya haura sakan 15 akwai matsala. Sai ya tashi daga kujera ya yi tafiyar mita 3 ya juyo ya zauna, sakan 14, ta ce hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar sakan 12 zuwa sama a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Saurin tafiyarsa mita 0.8 a sakan ɗaya, daidai kan iyaka. Matakala 12 na benen maƙwabci ya hau a sakan 16 yana riƙe da ƙarfe. Tashi daga tabarma ba dafa bango kuwa bai iya ba sam.

'Ya'yansa suka ce anya mai shekara 72 za a sa shi ɗaga kaya, ba za a ƙarasa shi ba? Ta ba su labarin wani aiki da wata likita Maria Fiatarone ta yi a Boston aka buga a 1990, tsofaffi 10 'yan shekara 86 zuwa 96 a gidan kula da tsofaffi, sati 8 suna ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da biyu. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2020 cewa ta yi duk wanda ya kai 65 ya riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati, da na daidaita tsayuwa. Sharaɗinta ɗaya ne, a koma wajen likitansa na hawan jini ya ce ya yarda. An koma, ya yarda, ya ce kar dai ya riƙa riƙe numfashi lokacin yunƙuri, kuma in ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya nan take.

Tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba 2023: atisayen ƙarfi, sati 12

Ba mu da kuɗin gidan motsa jiki kuma ko akwai Baba ba zai je ba, ya ce shi ba ɗan dambe ba ne. To da piya wata aka yi komai. Leda ɗaya rabin lita ce wato rabin kilo, jaka guda mai leda 30 kilo 15 ke nan, sai lissafi ya zo da sauƙi. Ana zuba su a jakar makarantar jikansa ya rungume a ƙirji.

Talata da Asabar bayan la'asar, a ɗaki ƙofa a rufe don bai so mutanen gida su gani. Tashi da zama a kujerar katako da aka jingina da bango, hawa kan dakali mai tsayin santimita 15, ɗaga dunduniya yana riƙe da taga, sai ɗaga galan Kufuor, babbar jarkar ruwan nan, daga ƙasa zuwa tsaye, ba a cika shi ba, rabi. Komai a hankali, ƙirga 3 wajen tashi ƙirga 3 wajen zama, sau 8 zuwa 10, zagaye 3, hutun minti 2 a tsakani. Sati biyun farko ba kaya sam, daga nan leda 10, duk sanda ya yi 10 ba wahala a ƙara leda 2 ko 4. Ta kuma sa a gyara cin abincinsa, don shi koko ne kawai da safe, aka ƙara ƙosai da ƙwai, da rana waake, wato shinkafa da wake, ko kifi.

Satin farko cinyoyinsa sun yi tsami har Mma ta so a bari, fisiyon ta ce tsamin kwana biyu ba komai, kumburi ne abin tsoro. A cikin zama 24 ya yi 21.

Awon Oktoba: kayan da yake tashi da su sun tashi daga kilo 5 zuwa kilo 15, jaka guda cur, sau 8. Cinyoyin sun ciko ana gani. Tashi da zama sau 5 ya sauko daga 17.5 zuwa sakan 15. Tafiyar mita 3 da dawowa daga 14 zuwa 13. Saurin tafiya 0.85. Matakala sakan 14.5. Tashi daga tabarma yana iyawa da dafa ƙasa kawai ba bango, amma da jinkiri.

A satin da aka yi awon ma ya sake tuntuɓe a tsakar gida da igiyar akuya, Allah ya sa jikansa na kusa ya tare shi. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce wa fisiyon, 'yata wata 3 ina ɗaukar ruwa kamar ɗan ga-ruwa, ga shi igiya ma tana neman ka da ni.

Ƙarshen Oktoba 2023: kuskuren da ya ci mana sati 3

Ranar ce ta yi mana bayanin mataki na gaba. Ta ce Baba ƙarfi daban zafin nama daban. Ƙarfi shi ne nawa za ka iya ɗagawa ko da za ka ɗauki duk lokacin da kake so, zafin nama kuwa shi ne ƙarfin da saurin fitowarsa a haɗe. Ta ce ka dubi tifa cike da yashi a danjar mahaɗar Anloga nan Kumasi, ba motar da ta kai ta ƙarfi a wajen amma in aka ba da hannu kafin ta motsa mai babur ya yi nisa. Tsoka tana da zare iri biyu, masu jimiri da suke aiki a hankali da masu amsawa nan take, kuma na biyun su tsufa yake fara cinyewa, zaman wuri ɗaya ya ƙarasa su. Ta ce wani bincike a Ingila a 1994 kan masu lafiya 'yan shekara 65 zuwa 89 ya nuna ƙarfi yana raguwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a shekara, zafin naman ƙafa kuwa wajen kashi 3 da rabi. Shi tuntuɓe ko rabin sakan ba ya ba mutum, in ƙafa ba ta fito ta tare jiki a wannan ɗan lokacin ba, ƙarfin da ke cikinta bai samu damar yin aiki ba. Nan Baba ya ce, ai abin da na gaya musu ke nan tun faɗuwar gota.

Ta ce za ta dawo sati mai zuwa ta nuna yadda za a yi, sai tafiya ta kama ta zuwa Tamale. Jikansa ɗan shekara 17 mai buga ƙwallo, shi ne dama mai ƙirga masa, ya ji an ce sauri sai ya ɗauko irin nasu na fili, ya sa kakansa tsalle daga dakali zuwa ƙasa da tashi da zama da sauri da jakar kilo 15 ɗin nan, har da faɗawa kujera da ƙarfi wajen zama. Ni ma ina wajen a zama na biyu ban hana ba, na ɗauka haka ake nufi. Kwana biyu gwiwar dama ta kumbura ta yi zafi, sallah ma komawa kujera ya yi gaba ɗaya. An je asibiti, ba abin da ya tsage, aka ce hutu da ƙanƙara. Sati 3 ba a yi komai ba sai ɗaga ƙafa a kwance.

Tsakiyar Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: atisayen zafin nama, sati 12

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, zama ta yi ta rubuta dokoki a bayan kalanda ta manna a bango. Ba tsalle. Kaya a rage zuwa rabi, leda 14 wato kilo 7, satin farko ma ba kaya. Saurin a wajen tashi ne kawai, ya miƙe da iya saurin da zai iya kamar an kira shi da gaggawa, wajen zama kuma ya sauka a hankali ƙirga 3 har ya taɓa kujera ba ƙara. Sau 6 kacal a zagaye, zagaye 3, hutun minti 2 cikakke. Doka ta ƙarshe ita ta fi ba Baba mamaki, wai da zarar tashin ya fara yin nauyi saurin ya ragu a tsaya ko da a na 4 ne, don abin da ake koya wa jiki shi ne saurin, in aka ci gaba a gajiye jinkiri ake koya masa. Shi da ya saba aiki sai an ji jiki, ya ce wannan ai wasa ne.

Atisayen dai su ne na da, tashi daga kujera, hawa dakali, ɗaga dunduniya, duk da saurin hawa da jinkirin sauka. Ta ƙara guda ɗaya, ya tsaya kusa da bango jikan ya kira gaba ko dama ko hagu ba tare da ya san wanne zai zo ba, shi kuma ya jefa ƙafa wajen da sauri ya tsaya cak a kanta ya dawo. Wannan ya koma musu wasan jika da kaka, yaron yana ce masa tsoho ka makara amaryar ta zama tawa, shi yana cewa zo ka karɓa in ka isa, har ƙofar ɗakin ma aka daina rufewa. Talata da Asabar na sauri, Alhamis kuma aka bar zagaye 2 na kaya mai nauyi a hankali don kar abin da aka tara ya zube. Tattakin la'asar yana nan sauran ranaku.

A sati na 5 aka fara koyon tashi daga ƙasa daki daki a kan darduma biyu, daga durƙuso, ƙafar hagu mai lafiya a gaba, yunƙuri ɗaya. Kayan sun tashi a hankali daga kilo 7 zuwa kilo 9, ba su wuce nan ba. Gwiwar ba ta sake kumbura ba. Zaman sauri 24 ya yi 22.

Awon tsakiyar Fabrairu 2024: tashi da zama sau 5 sakan 11.5. Tafiyar mita 3 da dawowa sakan 10. Saurin tafiya mita 1.05 a sakan. Matakala 12 a sakan 11 ba riƙe ƙarfe. Damƙar hannu 32, kusan yadda take. Kaya mai nauyi har yanzu kilo 15 sau 8 zuwa 9, bai ƙaru ba. Tashi daga tabarma da dafa hannu ɗaya, yunƙuri ɗaya.

Maris zuwa Yuni 2024: azumi da bayansa

Azumi ya kama a Maris, aka mayar da atisayen bayan buɗa baki da kamar awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a sati, wani satin ma bai samu ba. Farilla yana yinta a tsaye tun ƙarshen Janairu, tarawihi kuwa rabi a tsaye rabi a kujera. Bayan sallah da aka gwada, tashi da zama ya koma 12.5, wato sati 4 na sassauci sun ci sakan ɗaya. Aka koma kwana 2 a sati, zuwa ƙarshen Mayu ya dawo 11.5.

A watan Yuni ana ruwa ya zame a bakin masallaci kan tayil mai santsi, mutane suka yi salati, sai ga shi ya jefa ƙafar dama gefe ya tsaya. Daga Oktoba 2023 zuwa lokacin bai faɗi ba ko sau ɗaya. Ya koma shiga trotro amma gaba yake zama kuma sai mota ta tsaya cak yake sauka. Sallar idin layya ya yi ta a tsaye a fili. Gwiwar dama har yanzu tana damunsa in zaman tahiya ya yi tsawo, da sanyin safiya ma sai ya ɗan murza ta kafin ya taka, wannan atisaye bai cire shi ba.

Abin da na fahimta

Maganin ciwo da man zafi ciwon gwiwa suka taɓa, shi kuwa ba ciwon ne ya kayar da shi a gota ba. Tattaki ya yi wa zuciyarsa da barcinsa amfani kuma ba zan ce a bari ba, amma tafiya a hankali a fili ba ta taɓa neman zaren tsokar nan masu saurin amsawa, shi ya sa wata 4 yana yi tashi daga benci bai canza ba. Hutun da muka ba shi tun 2020 kuwa, ni a ganina shi ne asalin ɓarnar, kwanciyar asibiti ta zo ta ƙarasa, kuma mu muka yi da hannunmu da kyakkyawar niyya. A Ghana ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2, in ka zaga Aboabo da Asawase da Sabon Zango da yamma za ka ga da yawansu a benci an karɓe musu ko ɗaukar buta.

Tsakanin atisayen ƙarfi da na zafin nama kuwa, lambobin Baba a fili suke. Sati 12 na kaya mai nauyi a hankali sun ninka abin da yake ɗagawa sau 3 amma sun rage sakan 1 kawai a tafiyar mita 3, sati 12 na kaya mara nauyi da sauri ba su ƙara masa ko leda ɗaya a ɗagawa ba amma sun rage sakan 3, kuma su ne suka zo da tashi daga sujada. Jiki abin da ka saba masa shi yake ƙwarewa a kai, mun yi wata 3 muna koya masa tashi da ƙirga 3, to haka ya iya.

Duk da haka ba zan ce watannin farko asara ba ne. Mutumin da a Yuli yake yunƙuri uku kafin ya bar benci ba abin da zai yi da sauri, sai da aka samu ƙarfin tukuna aka samu abin da za a hanzarta, kuma wani ɓangare na ci gaban Fabrairu tabbas tarin wata 7 ne gaba ɗaya da sabawa da gwajin kansa. Binciken da ya tattara wannan magana ma bai zuzuta ba. A 2022 mujallar JAMA Network Open ta buga nazarin da ya haɗa gwaje gwaje 20 na tsofaffi 566, aka kwatanta masu ɗagawa da sauri da masu ɗagawa a hankali, masu saurin sun fi samun gyaruwar ayyukan yau da kullum amma fifikon matsakaici ne, duka biyun suna amfani. Baba ya ga bambanci babba ne saboda inda nasa raunin yake ke nan, damƙarsa 31 tun ranar farko, saurin ne babu. Wani tsohon da hannunsa ma ya saki zai fi buƙatar daɗewa a matakin farko.

Da za a sake, abu biyu zan canza. Ba zan jira sati 12 cur ba, daga sati na 5 ko 6 da ya fara tashi da kilo 10 lafiya zan so a shigo da saurin kaɗan kaɗan. Sannan ba zan bar kalmar sauri ta fita a gaban yaro ɗan ƙwallo ba tare da an nuna masa da jiki ba, don kumburin Oktoba kaɗan ya rage ya sa Baba ya rufe maganar gaba ɗaya, Mma ma sai da aka yi ta lallashi. Saurin tsoho a wajen miƙewa yake, ƙafa ba ta barin ƙasa, saukowa a hankali, kaya rabi, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko wanda ƙashinsa ya yi laushi likita ya fara gani.

Yanzu tsarinsa Talata sauri da kilo 9, Asabar sauri sannan zagaye 2 na kilo 15, wasan gaba dama hagu kuma duk sanda jikan ya dawo daga makaranta. Fisiyon tana zuwa awo duk wata 3, ta ce in tashi da zama ya haura sakan 13 a kira ta kafin lokacin. Kujerar robar tana masallaci har yanzu, wani dattijo abokinsa ne yake amfani da ita, Baba ya fara yi masa maganar ya zo ranar Asabar a auna shi.